Tabo a Wuyan Hannu

A kasuwar Funtuwa, wani dattijo ya tsaya a rumfar Bature baduku yana shafa igiyoyin linzami.

"Ba ni mai taushi, wadda ba ta cin hannu."

Bature ya ga tabo zagaye da wuyan hannunsa. "Baba, naɗe ta kake yi? Ranar da ka faɗi, wallahi doki zai ja ka a ƙasa har gida."

"Na sani. Shekara arba'in ina hawa."

"To, don me?"

"Gonata tana bayan Maska, 'ya'yana duk suna birni. In na faɗi ya gudu ya bar ni, wa zai fito nemana? Gara ya kai ni inda za a gan ni."

Bature ya zaɓo masa mafi taushi.