Hannun Jaji

ALHAJI MAIKUƊI: Alo? Alo! Wa ke magana?

MALAM TALHA: Ni ne, Alhaji, Talha, hedimastan makarantarka. Daga gidan waya na Azare nake kira.

ALHAJI: A'a, Malam! Barka da rana. Ina gajiya?

TALHA: Ba gajiya, Alhaji. An je Katagum lafiya?

ALHAJI: Lafiya ƙalau. Ina cikin cinikin fata masinja ya kirawo ni ofishin hakimi. Yaya iyali? Yaya ɗaukar sababbin yara?

TALHA: Da godiya.

ALHAJI: Ɗaga murya, wayar nan sai ƙara take. Me ya sami bakinka ne?

TALHA: Haƙora biyu na zubar, Alhaji.

ALHAJI: Subahanallahi! Faɗuwa ka yi?

TALHA: Sanda ce. Ka tuna Hammawa, Bafulatanin Dagauda, wanda ciwo ya ƙarar masa da shanu?

ALHAJI: Mai ɗan guntun yaron nan?

TALHA: Jaji. Yau karo na uku ke nan da ya kawo shi. Kwana biyu suka yi a ƙafa. Ya ce ba shi da garken da zai bar masa, sai karatu.

ALHAJI: To, ai ka san dokata. Yaro ya ɗora hannu ta bisa kai. In ya taɓa kunnen ɗaya gefen, ya isa shiga, in bai taɓa ba, sai baɗi.

TALHA: Na gwada shi. Saura kamar yatsa biyu. Alhaji, yaron nan ya kai goma, jikinsa ne ƙarami. Har da dattawa biyu ya zo, shaidun haihuwa.

ALHAJI: Shaidu! Kowa ma da shaidunsa. In na ɗaga wa ɗaya ƙafa, gobe goyo za a kawo mini.

TALHA: Haka na gaya masa. Na ce Alhaji ne mai makaranta, ba ni ba. Sai Hammawa ya ajiye sandarsa, ya danne kan yaron a cinyarsa, ya kama wuyan hannun...

ALHAJI: Alo? Me?

TALHA: Ya ja, Alhaji! Yaron na ihu yana "Baba, bari!" shi ko yana ja. Wallahi har ƙarshen layi an ji ƙarar ƙashin.

ALHAJI: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kuna tsaye kuna kallo?

TALHA: Na yi tsalle na riƙe shi, sai ya ɗauki sanda ya sheme ni a baki. Malamin aji biyu ya shigo, ya fasa masa goshi. Iyaye suka watse da 'ya'yansu, teburin rijista ya kife, jini har kan allo. Sai da 'yan doka huɗu suka taru kafin a ɗaure shi.

ALHAJI: Mahaukaci! Ɗan iska! A makarantata? Sai ya ruɓe a gidan yari!

TALHA: Suna jansa a ƙasa yana kuka, yana cewa, "Malam, ka gani da idonka, ya taɓa! Rubuta shi!"

ALHAJI: La'ilaha illallahu...

TALHA: Alo? Alhaji?

ALHAJI: Ina ji. Ya taɓa ɗin?

TALHA: Ya taɓa. Har ya wuce.

ALHAJI: To, doka doka ce, kada a ce na yi magana biyu. Rubuta shi. Ran Litinin ya zo aji ɗaya, a ba shi allo da fensir.

TALHA: Alhaji, daga asibiti nake. Malamin asibiti ya ce kafaɗar ta fita, ƙashin ya karye biyu, jijiyar ta tsinke. Ya tsikari yatsun da allura, yaron bai ji ba.

ALHAJI: Ai akwai maɗori a Gadau, zai...

MAI HAƊA WAYA: Lokaci ya cika, jama'a.

TALHA: Dakata, don Allah! Alhaji, da me zai riƙe fensirin? Hannun dama ne.

ALHAJI: Malam... Alo? Alo!