Waya Ta Ce A Yi Shuka

A tashar Funtua, Malam Haladu na jiran motar Danja da ɗan buhun irin masara, shi ke nan gare shi bana. Wani mutum na gefensa yana latsa waya.

"Malam, sabuwar manhajar nan ta ce damina ta kankama, a yi shuka jibi."

"Ta tona gonata ta ga danshi ne?"

"Daga sama take gani, ba ta kuskure."

"In ruwa ya ɗauke, irina ya ƙone, ita za ta ba ni wani?"

"Ka gwada mana."

Haladu ya ƙare masa kallo. "Kai Alhaji, jibin za ka shuka?"

Mutumin ya mai da wayar aljihu. "Ni sai na ga naku ya tsiro tukuna."