Jirgin da Ya Cinye Mini Hajji

Kai Nasiru, ka sake ce mini Alhaji sai na kwaɗa maka gorar nan. Kawu nake, Kawu Sahabi. Ku ajiye komar ku matso, tunda kun ƙi ji yau zan gaya muku dalili.

Kwalekwalen babanmu na sayar na tafi, mai injin nan da ya ciyar da mu shekara da shekaru a bakin ruwan Yawuri. Inna ce ta ce in sayar. Ejan ya lamushe kuɗin, ya ce direba ake nema a Makka, gidan Hausawa ma. Na ce shi ke nan, ga aiki ga Hajji. Wallahi Hajjin ne ya fitar da ni, ba riyal ba.

Kafilina, wato wanda takarduna ke hannunsa, sunansa Usama, a unguwar Utaibiyya yake. Kakansa da ƙafa ya taka daga Kano, amma shi in ya yi maka Hausa sai ka rantse tsakuwa yake taunawa. "Ya Sahabi, jib mota, yalla, sur'a!" Komai sur'a, wai sauri, mutumin da ko jakarsa ba ya iya ɗauka. Hajji biyu aka yi a gabana, duka ina jigilar katan-katan na ruwansa zuwa Muzdalifa. Mutane cikin harami suna Labbaika, ni ina cikin rigar aiki ina sauke kaya. Ku ba ku san ciwon wannan ba.

A shekara ta uku mahaifiyarsa, Hajja Rabi, tsohuwa mai Hausa tsantsa, ta sa shi gaba. "Usama, bana bawan Allahn nan zai yi Hajji, ko a ji mu da kai." Ya yi alkawarin nema mini tasrihi, takardar izinin da ba a shiga Hajji sai da ita. Tun daga ranar na zama kamar tunkiya, duk inda ya ja nan nake bi.

Bayan ƙaramar salla ya ce za a kai iyali shan iska tsibirin Farasan. Yini guda ina tuƙi zuwa Jizan, aka sa motar cikin wani ƙaton jirgi muka haye. Washegari da hantsi muka je bakin ruwa, ya ga wani jirgin katako mai tafiya da ƙyalle, iska ce ke tura shi, ya ce shi za a yi haya a yini a teku. Mai jirgin wani tsoho ne siriri, ya faɗi kuɗin jirgi, ya faɗi na matuƙi daban. Nan Usama ya juyo ya dube ni.

Laifina ɗaya, bakina. Kullum a mota ina ba 'ya'yansa labarin yadda muke ratsa Kainji da ƙyallen buhu.

Na ce, "Ammu," don haka nake kiransa, wato maigida, "kogi daban, teku daban."

Ya ce, "Ba kai ke cewa a ruwa aka haife ka ba? Walla kazzabi ne kai?"

"Ba ƙarya na yi ba, amma..."

"Halas, magana ta ƙare. Mai son tasrihi ba ya cewa amma."

Kun ji fa. Da Hajjina ya ɗaure ni, don kada ya biya matuƙi. Tsohon ya ƙi, ya ƙi, har dai ya ga yadda na ɗaura igiya na ja ƙyallen, sannan ya saki. Ya tsaya yana yi wa Usama dogon bayani da Larabcinsu na tsibiri wanda ko kalma ban tsinta ba, yana nuna rana yana nuna ruwa. Usama waya na kunnensa, sai "ɗayyib, ɗayyib" yake cewa.

Tuƙi kam na yi shi, kada wani ya gaya muku wani abu. Iska ta ba ni haɗin kai, jirgi na tafiya sumul, Hajja na ta sa mini albarka. Muka kai wani ɗan tsibirin farin yashi. Na yi abin da babanmu ya koya mini, abin da ku ma na koya muku: na shigar da jirgi can gefe inda ruwa ya kwanta, na ɗaure shi tamau da gajeriyar igiya. Aka gasa kifi, aka yi azahar, aka kishingiɗa a inuwar tanti.

Ihun matar Usama ne ya tashe ni. Na duba, babu ruwa! Ya ja da baya can nesa, ya bar jirgi kwance a kan wasu duwatsu masu kaifi, katako ɗaya ya tsage. Mu nan ruwa yana janyewa, amma sai da rani, a hankali, wata da watanni. Wa ya taɓa gaya mini akwai ruwan da ke tafiya da rana ya dawo da yamma?

Usama ya zo ya sharara mini mari a gaban 'ya'yansa. Na haɗiye, na ce a raina Hajji, Sahabi, Hajji.

Da la'asar sai ga tsohon a jirgin inji, hankalinsa bai kwanta ba ya biyo mu. Ya ga jirginsa ya dafe kai, ya hau Usama da faɗa. Na ce, "Hajja, me yake cewa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai tun da safe ya gaya masa ruwa zai janye bayan azahar, a tsayar da jirgi a zurfi."

Sai na ji Usama ya nuna ni ya ce, "Na gaya wa direba. Bai ji ba."

Marin na iya haɗiyewa, wannan ta ƙi wucewa. Ban san sanda na ci kwalarsa ba. Na ce, "Usama, ka ji tsoron Allah! Yaushe ka gaya mini? Ka rantse a gaban uwarka!" Ranar na fara kiran sunansa gatsau. Bai rantse ba. Ya gyara rigarsa kawai ya ce, "Huruj." Wannan kalmar kowane ɗan ci-rani ya san ta, sallama ce zuwa gida. Muna tsaye ruwan nan ya dawo sannu a hankali ya ɗaga jirgin, kamar bai yi komai ba.

Hajja ta yi kuka, ta yi roƙo, bai saurare ta ba. Ta ba ni darduma da jarkar zamzam. A filin jirgin Jidda ina fita, maniyyatan farko suna shigowa, har na ji wasu suna Hausar garinmu. Na juya fuska bango don kada su tambaye ni.

Na iso gida ba kwalekwale, ba Hajji, sai darduma. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, idonta ya riga ya yi rauni, ta shafa fuskata ta ce, "Alhaji, ka dawo?" Na amsa. Shekara biyu tana kirana haka ina amsawa, har muka kai ta makwancinta ban iya gaya mata ba.

Ita kaɗai na amsa wa sunan nan, Nasiru, kuma ta tafi da shi. Miƙo mini komar.