Allurar Baya da Surukina Ya Hana

Assalamu alaikum Malam, sannunku da aiki. Ni wata uwa ce daga Dogon Dawa.

Mijina ya rasu a hanyar daji, ya bar mini yaro ɗaya. Bana yaron ya kamu da sankarar jini. Likita a Zariya ta ce maganin da ake sa masa ta jijiya ba ya isa ƙwaƙwalwa, sai an yi masa allura a gadon baya, cikin ruwan da ke zagayawa har kai.

Da na gaya wa Baba, surukina, sai ya buga sanda a ƙasa. Ya ce, "Ruwan baya? Da shi namiji ke haihuwa! Yaron nan shi kaɗai ne bayan ɗana, ba mai taɓa shi."

Likita ta ce wannan ruwan daban ne, bai shafi haihuwa ba. Baba ya ƙi. Ni kuwa ba na iya ɗaga ido in yi masa musu. Yaron kullum hannu a kai, yana kuka.

Malam, Baba ba ya rabuwa da rediyo, yanzu haka yana jin ku. Don Allah ku tambaye shi: in yaron ya tafi, wane baya ya rage?