Cokali Uku Ya Kwantar Mini da Rago

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Rabi'atu ce daga Zakka, ƙaramar hukumar Safana.

Ina da rago a turke, babana ya ba ni shi tun yana ƙarami. Har suna na raɗa masa, Yarima, irin na jaruman littattafan da nake karantawa. Maigidana ya sayo masa garin ƙarin abinci a kasuwar Batsari. Malamin dabbobi ya ce cokali ɗaya a dusa, kuma kada a daina ba shi harawa. Sai maigida ya ce, "Rabi, in ɗaya na sa ƙiba, ina ga uku?" Ya zuba uku, ya janye harawar wai cika ciki take a banza.

Yau kwana huɗu ragon yana zawo, ya daina tuƙa, haƙarƙarinsa duk sun fito. Da na yi magana, sai ya ce karatu ne ya ɗauke mini hankali ban ba shi ruwa ba. Haba, Malam.

Me zan ba shi cikinsa ya daidaita? Maigida yana shago yanzu yana sauraronka, kuma maganarka yake ji, ba tawa ba. Don Allah faɗa masa da bakinka, cokali ɗaya ne.