Hantar Bunduƙ

A ɗakin jira na wani likitan dabbobi a Iskandariyya ta ƙasar Masar, wani dattijo da wata dattijuwa suna zaune, kowa riƙe da igiyar karensa.

"Madam, me kike ba shi gashinsa ke sheƙi haka?"

"Ɗanyen nama da hanta, Ustaz. Ni ban yarda da busasshen abincin buhun nan ba. Kakannin kare a kanti suka yi kiwo?"

"Kakanninsa ai ba sa ganin likita, mutuwarsu kawai suke yi. Na buhu an auna komai daidai. Ɗanyen nama kuwa tsutsa yake sa wa kare."

"An auna! Ka taɓa ɗanɗanawa? Tsakuwa ce zalla."

"Na ɗanɗana. Da shayi ba laifi."

Ta yi dariya. "To me ya kawo taka karyar wajen likita, tunda an auna?"

"Zaituna ta rage ci tun da 'yata Rasha ta koma Kanada. Karyar tata ce, ita ta zaɓi buhun."

"Bunduƙ ma na ɗana Hazim ne, yana Dubai. Shi ya gano zancen ɗanyen nama a waya. Ni ko warin hanta ba na so."

"Yana dai kiranki?"

"Kullum da safe, wallahi. Da na ɗauka sai ya ce, 'Mama, juya wayar in gan shi.'"

"Kin yi sa'a. Ni sai Zaituna ba lafiya ake kirana." Ya dubi ƙofar likitan, ya rage murya. "Allah dai ya sa kada ya ce lafiyarta ƙalau."