Rigar Sanyin Yayana

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Zan faɗi abin da na gani da idona.

Ranar Juma'a bayan la'asar na raka yayana fadarsu, wato majalisar da yake shan shayi da abokansa, a unguwar Dagmanet. Yana fama da ciwon daji, kuma maganin da ake ɗura masa a Yamai yana sa shi jin sanyi ko da bazara. Shi ya sa yake ɗora rigar sanyi marar nauyi a kan kaftaninsa, mai kauri kuwa kafaɗunsa ba sa ɗauka.

Wani abokinsa ya ja hannun rigar ya ce, "Alhaji, ƙanƙara ake zubawa a gidanku?" Duka suka yi dariya, alhali sun san cutarsa. Yayana ya tuɓe rigar, ya zauna yana rawar ɗari har magariba. Tun ranar ya ƙi sa ta, ga shi zai koma Yamai cikin mota mai kilim, wato na'urar sanyaya iska.

Wannan ba raha ba ce, zalunci ne. Masu sauraro, yaya zan shawo kansa?

Ibrahim Alasan, Agadas.

Gyara ɗaya: na ce duka suka yi dariya. Agali mai dafa shayi bai yi ba. Ya tura murhun gawayinsa kusa da ƙafafun yayana.